Shirwar Takarda da Zarenta

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta ƙunshi bayani ne a kan abin wasan nan da ake haɗawa da takarda ko leda ko ƙyalle, a shimfiɗa shi a kan ƴan tsinkaye, a ɗaura masa dogon zare, sannan a sake shi iska ta yi sama da shi. A garuruwan Afirka ta Yamma galibi aikin yara ne, sukan haɗa shi da leda da tsinken tsintsiya, musamman idan iskar hunturu ta kama. A ƙasashe irin su Sin da Indiya da Japan kuwa harka ce ta manya, tana da masu sana'arta da ranakun bikinta, har da dokokin da hukuma ta kafa mata. Masana kimiyya ma sun ci moriyarsa ƙwarai kafin a ƙera jirgin sama, kuma har yanzu ba su rabu da shi ba.

Wanda ya tsaya yana kallon wannan abu a sama zai iya ɗauka cewa zaren ne ke danne shi, da za a sake shi da ya yi ta tafiya har ya ɓace. Ba haka abin yake ba. Zaren ne ke sa shi tashi, in ya tsinke faɗowa zai yi. A kan wannan magana bayanin zai ginu, domin ita ce ke fayyace yadda ake wasan da kuma yadda aka mayar da shi kayan aiki.

2. Batun suna

Akwai masu kiran wannan abu filfilo, to amma filfilo ya fi dacewa da abin wasan nan da ke juyawa a kan tsinke idan yaro ya ruga da shi. Saboda haka a nan za a yi amfani da sunan shirwar takarda. Sunan ya bi tsarin da Hausa ta saba da shi wajen raɗa wa kayan wasa suna, wato a ambaci abin da aka kwaikwaya, sannan abin da aka yi shi da shi, kamar dokin kara da motar kara. Ɗalibi ya lura cewa jinsin harɗaɗɗen suna irin wannan yana bin kalmar farko ne. Shirwa tamata ce, shi ya sa aka samu -r a ƙarshenta, kuma za a ce shirwar takarda ta tashi, ba ya tashi ba.

Ba Hausa kaɗai ta ga kamar tsuntsuwar nan a jikin abin ba. Kalmar Ingilishi kite sunan shirwa ce tun asali, sai a ƙarni na 17 aka fara kiran abin wasan da ita. Sinawa ma a tsofaffin rubuce-rubucensu suna da muyuan, shirwar katako, da zhiyuan, wadda ma'anarta shirwar takarda ce daidai wa daida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa ganin shirwa tana shawagi a kan mahauta ko gobarar daji: takan daɗe a sama ba ta kaɗa fiffike ba, jelarta kawai take murɗawa. Sunan da Sinawa suka fi amfani da shi a yau shi ne fengzheng. Feng iska ce, zheng kuwa wani kayan kiɗa ne mai tsirkiya, domin sukan ɗaura wa abin ƴar gora da ke ƙara idan iska ta ratsa ta.

Sauran harsuna kowanne da abin da ya hango. Bafaranshe ya ce cerf-volant, wanda a zahiri ke nufin wata dabba dangin barewa mai tashi, ko da yake masu nazarin asalin kalmomi da dama suna ganin kashin farko ya fito ne daga kalmar maciji a harshen kudancin Faransa. Wannan ya yi daidai da Rashanci, inda ake ce masa macijin iska. Bajamushe ya kira shi Drachen, wato dodo. A Sifaniyanci cometa ne, tauraruwa mai wutsiya, amma mutanen Meziko sun ce papalote, daga kalmar harshen Nahuwatil mai nufin malam-buɗe-littafi. Balarabe kuwa ya ce ɗayyara waraƙiyya, mai tashi ta takarda, da kalmar da yake kiran jirgin sama da ita. Abin lura shi ne, cikin waɗannan sunaye babu wanda ya ambaci zare. Duka abin da ido ya gani a sama suka bi.

3. Yadda take tashi

Idan mutum ya miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu, ya ɗan ɗaga ƴan yatsunsa sama, zai ji abu biyu: iska tana tura hannun baya, tana kuma ɗaga shi. Hannun da ya karkata yana kautar da iska zuwa ƙasa, ita kuma sai ta tura shi sama. Da fiffiken tsuntsu da na jirgi da shirwar takarda duk da wannan ƙa'ida suke aiki. Sharaɗin kawai shi ne iska ta riƙa wucewa ta jikin abin.

A nan ne amfanin zare yake. Ledar da iska ta kwasa a kan titi takan yi tsalle na ɗan lokaci, amma da zarar ta kama tafiya daidai da gudun iskar, babu sauran iskar da ke bugun ta, sai nauyinta ya dawo da ita ƙasa. Jirgin sama ya magance wannan da inji, yana kutsawa cikin iska da ƙarfi. Shirwar takarda ba ta da inji, don haka zare ne ke tsayar da ita wuri guda iska ta zo ta same ta. Yaron da ke gudu da zare a hannu ranar da gari ya yi tsit, iskar da babu yake ƙirƙira da ƙafarsa. Ƙarfi huɗu ke nan ke haɗuwa a jikinta: nauyinta mai jan ta ƙasa, ɗagawar iska, turin iska zuwa baya, da jan zare. Inda huɗun nan suka daidaita, nan take tsayawa cak kamar an kafe ta.

Ba a faye ɗaura dogon zaren kai tsaye a jikin tsinke ba. Akan ɗaura wani gajeren zare, bakinsa ɗaya wajen kai, ɗaya wajen gindi, sannan a ƙulla dogon a wani wuri a tsakaninsu. Za a iya kiran wannan gajeren zare ragama, domin shi ke saita yadda fuskar shirwar za ta karkata ga iska. In aka matsar da ƙullin wajen kai, sai ta ɗan kwanta, iska ta riƙa zamewa ta ƙarƙashinta, wanda shi ake so ranar iska mai ƙarfi. In aka yi ƙasa da shi, sai ta ƙara miƙewa ta tare iska da yawa. In ya yi ƙasa fiye da kima, za ta yi ta ja amma ba za ta hau ba. Sau da yawa shirwar da ta ƙi tashi ba ta da wani aibu illa ƙullin ragama da ya kauce da faɗin yatsa guda.

Sai batun jela. Shimfiɗaɗɗiyar shirwa mara jela takan yi ta juyi har ta kife. Yara kan ɗauka nauyi ake nema, har su ɗaura dutse, alhali aikin jela shi ne iska ta riƙa jan ta baya, ta haka gindin zai tsaya a ƙasa kai kuma ya dubi sama. Doguwar jela mara nauyi ta fi gajera mai nauyi nesa ba kusa ba. Akwai kuma hanyar da ba a bukatar jela sam. Mutanen Malesiya da Indunusiya sun daɗe suna lanƙwasa tsinken da ya gitta, ya koma kamar baka, yadda gefuna biyu za su ɗan koma baya. Idan shirwar ta karkata dama, gefen daman zai fi fuskantar iska, sai iskar ta mayar da shi wurinsa. Wani ɗan jarida Ba'amurke, William Eddy, ya yaɗa wannan tsari a ƙasashen Turawa a shekarun 1890.

Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake sau huɗu. Alal misali, iska mai gudun kilomita 18 a awa, idan ta bugi allo mai faɗin murabba'in mita ɗaya gaba da gaba, turinta bai kai nauyin kilo 2 ba. In ta kai kilomita 36, turin zai kai wajen kilo 7. Shi ya sa zaren ɗinki da ya wadatar da safe yakan tsinke da rana. Haka kuma iskar da ke kusa da ƙasa ba ta da ƙarfi, ga ta a hargitse saboda gidaje da itatuwa, don haka mita ashirin ko talatin na farko su ne masu wuya. Da shirwa ta wuce tsayin itatuwa sai ta samu iska mai tafiya sumul.

Zaren kansa shi ke sa wa tsayi iyaka, domin yana da nauyi, iska kuma tana bugun sa, shi ya sa yake yin ciki maimakon ya miƙe. Dabarar da aka samo ita ce a jera shirwa da yawa a zare guda, kowace ta ɗauki rabonta na nauyin. Da wannan dabara ce tashar binciken yanayi ta Lindenberg a Jamus ta kai mita 9,740 da shirwa takwas ranar 1 ga Agusta 1919. Da shirwa guda ɗaya kuwa, Robert Moore da abokan aikinsa sun kai mita 4,879 a Ostareliya a watan Satumba na 2014.

4. Wasan tsinka zare

Tunda ran shirwa a zare yake, ba abin mamaki ba ne da gasar da ta fi shahara ta zama ta tsinka zaren abokin karawa. A jihar Gujarat ta Indiya, ranar 14 ga Janairu, lokacin bikin Uttarayan, mutanen birnin Ahmedabad kan hau saman gidajensu tun da sassafe su wuni a can. Shirwarsu, wadda suke kira patang, takarda ce mara kauri da tsinken gora biyu, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya lanƙwasasshe. Ba ta da doguwar jela, kuma da gangan aka yi ta mara natsuwa. Idan aka sassauta zare sai ta baje ta kama juyawa. Mai wasa yana kallo, da kanta ya dubi inda yake so sai ya fizgo zaren, iska ta lanƙwasa gefunanta baya, ta miƙe ta nufi wajen kamar kibiya. Da zare guda ake kai ta dama da hagu, sama da ƙasa. Ɗaliban nahawu za su ga cewa aikatau biyu ne ke tafiyar da wasan gaba ɗaya, saki da jawo, kuma wasalin -o na jawo shi ke nuna motsi zuwa wajen mai yi.

Zaren faɗa, wanda ake kira manja, ana shafe shi da danƙo da garin kwalba. Idan zare biyu suka gitta, wanda ya fi gudu a kan ɗan'uwansa shi ke yanka, ko dai ta saki da sauri ko ta fizga. Mutum biyu ke aikin, ɗaya riƙe da kwarkwaron zare, ɗaya yana sarrafawa da ƴan yatsu. Shirwar da aka tsinka ta zama ta wanda ya riga kama ta, shi ya sa ake ganin yara suna bin ta lungu-lungu idonsu a sama. Haka al'adar take a Pakistan da Afganistan, inda gwamnatin Taliban ta farko ta haramta wasan tsakanin 1996 da 2001.

Wasan yana da ɓarna, kuma ba ƙarama ba. Zaren da ya tsinke yakan rataya a kan hanya ya yanki wuyan masu babur, tsuntsaye kuma suna rasa fukafukai. Abin ya ƙara muni da aka bar zaren auduga, wanda kan tsinke in an ja shi, aka koma na roba. A 2017 kotun kare muhalli ta Indiya ta haramta zaren roba a duk ƙasar. A Lahor ta Pakistan hukumomi sun hana bikin Basant a 2007 saboda asarar rayuka, aka shafe shekara da shekaru ba a yi shi ba. A Burazil, inda ake kiran irin wannan haɗin kwalba cerol, masu babur kan kafa wani siririn ƙarfe a gaban babur domin ya tare zaren kafin ya kai wuya. Laifin na zaren ne ba na shirwa ba, kuma dokar da ta bi zaren ta fi wadda ta hana wasan baki ɗaya ma'ana.

Ba ko'ina ake faɗa ba. Birnin Weifang na Sin yana shirya bikin nuna gwaninta tun 1984, mutanen Sumpango a Gwatamala kuma sukan fito da manya-manyan shirwa masu zane ranar 1 ga Nuwamba don tunawa da mamatansu. A 1972 wani Bature ɗan Ingila, Peter Powell, ya fito da shirwa mai zare biyu da ta samu karɓuwa sosai, wadda ake tuƙa ta kamar keke: a ja dama ta yi dama, a ja hagu ta yi hagu.

5. Ɗagawa da ja

Tun kafin a rubuta tarihinta shirwa take aiki. Masunta a wasu tsibiran Indunusiya da tsibiran Solomon suna yin ta da ganye, su rataya mata zare mai ɗauke da dunƙulen saƙar gizo-gizo yana taɓa ruwa nesa da kwalekwale. Wani kifi mai dogon baki yakan kai cafka, haƙoransa su sarƙe. A Sin, littafin Han Feizi ya ba da labarin cewa malamin nan Mozi, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya shekara uku yana sassaƙa shirwar katako, ta tashi kwana ɗaya ta lalace. A shekarar 549 kuma, da aka yi wa Sarki Wu na daular Liang ƙawanya a birninsa, an aika da takardar neman agaji a jikin shirwa, amma maƙiya suka harbo ta.

Turawa sun mayar da ita tsani na kai kayan awo sama. A 1749 Alexander Wilson da Thomas Melvill suka ɗaga ma'aunin zafi da ita kusa da Glasgow domin su san yanayin iskar sama. A 1752 Benjamin Franklin ya bayyana gwajinsa na Filadelfiya: shirwar alharini mai tsinin waya a ka, zaren rama da ruwan sama ya jiƙa, mabuɗi a ƙarshensa, da busasshen ƙyallen alharini da za a riƙe daga cikin rumfa. Tartsatsin da ya fito daga mabuɗin ya nuna cewa girgijen hadari yana ɗauke da lantarki. Aradu ba ta faɗa wa shirwar ba, da ta faɗa da wuya ya rayu. Darasin da ke nan har gobe shi ne jiƙaƙƙen zare yana ɗaukar wuta, don haka ba a wasan cikin hadari ko kusa da wayoyin lantarki.

A farkon 1848 ana son gina gada a kan kwazazzabon Niyagara, tsakanin Amurka da Kanada, mai faɗin kusan mita 240, ruwan ƙasa kuma ba ya ƙetaruwa a wurin. Aka sa gasa, wani saurayi mai suna Homan Walsh ya tsallakar da shirwarsa zuwa ɗaya gaɓar. Da zarenta aka jawo igiya, da igiyar aka jawo wadda ta fi ta kauri, har aka kai ga wayar ƙarfe. A 1888 Arthur Batut ya ɗauki hoton garin Labruguière na Faransa daga sama da kyamarar da ya rataya wa shirwa. Ranar 12 ga Disamba 1901 kuma, shirwa ce ta ɗaga wa Guglielmo Marconi wayar eriya a St John's, gabashin Kanada ta yau, inda ya sanar da cewa ya ji saƙon rediyo da aka aiko daga Ingila ta ƙetaren tekun Atilantika.

Jirgin sama kansa a jikin zare ya yi rarrafe. Lawrence Hargrave ya ƙirƙiro shirwa mai siffar akwati a Ostareliya a 1893, a Nuwamban 1894 kuma guda huɗu suka ɗaga shi kusan mita 5 daga ƙasa. A 1899 Wilbur da Orville Wright suka gwada dabararsu ta murɗa fiffike a jikin shirwa mai hawa biyu, faɗinta mita ɗaya da rabi, shekara huɗu kafin jirginsu mai inji ya tashi. Da jirgi ya kafu, sai ya karɓe yawancin aikin ɗagawa.

Aikin ja kuwa bai mutu ba. Tun 1826 wani malamin makaranta a Bristol, George Pocock, ya yi rajistar karusar da shirwa ke ja maimakon doki. Abin da ya hana irin wannan bunƙasa shi ne tsinke, domin babbar shirwa tana bukatar manyan sanduna masu nauyi da saurin karyewa. A 1964 Domina Jalbert ya ƙera wadda ba ta da sanda ko ɗaya: ƙyalle biyu ne aka ɗinka da aljihuna masu buɗaɗɗen baki, iska ta shiga ta kumbura su su zama fiffike. A 1984 Bruno da Dominique Legaignoux, wa da ƙane daga Faransa, suka yi rajistar wata da ake hura wa iska, wadda ba ta nutsewa in ta faɗa ruwa. Daga nan wasan da shirwa ke jan mutum a kan allo bisa teku ya samu, har ya shiga gasar Olamfik ta 2024, aka yi tserensa a Marseille. A Janairun 2008 jirgin dakon kaya mai suna Beluga SkySails ya tashi daga Jamus zuwa Benezuwela, shirwa mai faɗin murabba'in mita 160 tana taya injinsa ja domin rage shan mai.

Fagen da ake gwaji a kai yanzu shi ne samar da lantarki. A 1980 wani injiniya Ba'amurke, Miles Loyd, ya nuna da lissafi cewa shirwar da ke gitta iska tana kai da komowa takan yi gudun da ya ninka na iskar sau da yawa, kuma tunda ƙarfi yana bin ninkin gudu ne, janta yakan zama mai yawan gaske. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka gina a kan wannan shi ne a naɗe igiyar a jikin ganga da ke haɗe da janareta a ƙasa. Shirwa tana zagaye a sama tana jan igiya, ganga tana juyawa, wuta tana samuwa. In igiyar ta ƙare sai na'ura ta kwantar da fuskar shirwar yadda janta zai ragu, a naɗo ta da ƴar wuta kaɗan, a sake farawa. Ribar ita ce bambancin wutar da aka samu wajen saki da wadda aka kashe wajen jawowa. Wahalar tana wajen tashi da sauka ba tare da hannun mutum ba, da kuma igiyar da za ta jure gogayya dare da rana. Kamfanin Makani, wanda ya bi wata hanyar ta ɗora janareta a jikin fiffiken kansa, ya yi shekara 13 yana gwaji kafin kamfanin Alphabet ya janye kuɗinsa a 2020.